Baƙon da Malam Obadiya Bai Raka Ba

An ce in rubuta wani abu a kan Malam Obadiya, tunda ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san shi yana da haƙora. To, zan rubuta, amma kada wanda ya sa ran zan mai da shi mala'ika. Taubashina ne. Uwarsa ƙanwar ubana ce, saboda haka bawana ne tun ran da aka haife shi, kuma ban 'yanta shi ba har aka sa shi a rami. Muna yara an so a haɗa mu aure, na dubi kunnuwansa na ce a ba ni lokaci in yi tunani. Har yau tunanin nake yi.

Gidansu gidan dukawa ne. Ubansa ya karɓi baftisma yana saurayi, dangi suka yi watsi da shi, sai basillarsa ta zame masa dangi, da ita ya ciyar da 'ya'yansa. Obadiya ya yi makarantar mishan har ya iya karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa ba tuntuɓe. Turanci kuwa ɗan abin da ya tsinta a hanya ne. Ya auri Rut, yarinya mai sanyin hali, ta rasu wajen haihuwar fari, ita da abin cikin, bai sake aure ba. Da nawa mijin ya rasu, sai na kwashe komatsaina na tare a sashen baya na gidansa a Tudun Wada, don kada bawana ya mutu da yunwa a ce ni ce ban kula da dukiyata ba.

Wajen shekarar 1952 ɗaliban kwaleji suka fara yawa a Zariya, wasu nan Kongo kusa da mu, wasu can Samaru. Samari ne daga ko'ina, mutanen kudu, mutanen dutse, mutanen bakin Binuwai, fararen riguna a goge, Turanci a baki kamar ruwan Agusta, takalmi kuwa a yage. Obadiya na zaune gindin wani mangwaro a bakin hanyar Kongo da akwatin aikinsa, sai suka riƙa kawo masa gyara. A nan ya gano abin da ya zama aikinsa har tsufa: saurayin da takalminsa ke hannunka ba shi da inda za shi. Gyaran da wani zai gama kafin ka zauna, Obadiya sai ya ja shi awa guda. Yana goga wa zare kaki yana tambaya, kana cin abinci kuwa, kana barci, wa ya ɓata maka rai. Yaro na tsaye a kan ƙafa ɗaya kamar zalɓe, tun yana amsawa a taƙaice har ya zauna a kan saiwa ya zazzage cikinsa. In an gama sai ya ce, "Ranar Lahadi da la'asar muna addu'a a zaurena. Akwai kunu."

Kunun nan shi ne bisharar, ni na sani, amma ba a taɓa rubuta sunana a ko'ina ba.

A 1953 dattawan ikilisiya suka ga zauren ya cika, suka naɗa shi mai bishara na ɗalibai, suka ba shi bencuna huɗu da littattafan waƙa ashirin. Ban taɓa ganin mutum ya so abu kamar yadda ya so wannan aiki ba. Ba shi da ɗa, ba shi da mata, ba shi da gona, zauren nan ne duk abin da ya mallaka. Ba mai wa'azi ba ne, in ya buɗe baki zai yi bayani kaji ma gyangyaɗi suke yi. Abin da ya iya shi ne ya karanta aya, a yi waƙa, sa'an nan ya durƙusa ya kira sunan kowane yaro ɗaya bayan ɗaya a gaban Ubangiji, ya faɗi damuwarsa ba tare da ya tona masa asiri ba. Na ga ƙarti masu gemu suna fitowa da jajayen idanu suna cewa hayaƙin murhuna ne.

Doka ɗaya ya kafa: ba a shiga zaurensa da takalmi, don wurin addu'a ne. Wannan ta sauƙaƙa mini aiki. Ba na shiga in ƙirga kawuna. In sun fara waƙa sai in leƙo ƙofa in ƙirga takalman da aka jera a bakin dokin ƙofa, in koma in zuba kunu daidai yawansu. Shekara huɗu ina haka, kofi bai taɓa ragowa ba, bai taɓa gazawa ba.

A cikin yaran akwai Onyekwere. Dogo ne, baƙi, daga wani ƙauye gaba da Umuahia, yana koyon aikin safiyo, wato awon ƙasa. In ana waƙa muryarsa ce take kwance a ƙarƙashin ta kowa, mai kauri, kamar ana jan turmi a daɓe. Ina ce masa angona, shi kuma da ya shigo sai ya ƙwala, "Ina amarya? An dama ko a kai ƙara wurin alƙali?"

"Ka fara biyan sadaki tukuna, mai ƙafa kamar faranti."

Takalminsa na fata ne, ruwan ƙasa. Na ƙafar hagu ya taɓa buɗe baki, Obadiya ya ɗinke shi da jan zare don baƙin ya ƙare masa a ranar. Yaron ya ce a bar masa haka, ado ne.

Hutun Ista na 1957 gajere ne, gida kuma da nisa, sai Obadiya ya ce ya zo ya zauna da mu. Shekarar an yi bazara mai tsanani, sanƙarau na ɗaukar mutane a unguwanni. Ranar Alhamis Onyekwere ya ce kansa na sara. Juma'a wuyansa ya ƙage, muka kai shi asibiti, suka yi iyakar ƙoƙarinsu. Asabar da hantsi ya cika, hannunsa a cikin na Obadiya.

Muka yi abin da muka saba yi, abin da maƙwabtanmu Musulmi ke yi, abin da iyayenmu suka yi. Obadiya ya wanke shi da hannunsa, kafinta ya haɗa akwati, kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. A makabarta akwai wurin da Obadiya ya keɓe wa kansa kusa da Rut, shekara ashirin yana share shi. Nan ya sa yaron. A wurinmu babu girman da ya wuce wannan. Washegari ya sami wani akawu ya rubuta masa wasiƙa da Turanci zuwa ga uwar, cewa ɗanta ya huta cikin Almasihu, mun binne shi a cikin namu. Kayansa muka wanke, muka goge takalman, muka shirya kome a cikin akwatinsa na ƙarfe, Obadiya ya tura shi ƙarƙashin gadonsa sai an zo nema. Ga mutanen yaron cike da Sabon Gari, amma bai zo wa ko ɗayanmu a rai ba mu je mu tambayi yadda suke yi. Mun ɗauka mutuwa iri ɗaya ce ko'ina.

Amsar wasiƙa ba ta zo ba.

Lahadin farko bayan an koma karatu, na leƙa na ƙirga takalma, sha huɗu. Na zuba kofi sha huɗu na miƙa a faranti. Can sai aka dawo mini da guda ɗaya cike.

"Inna, tsufa ya fara," in ji wani ɗan Kagoro, yana dariya. "Mu sha uku ne."

"Tsufa a gidanku. Wani ne ya ɓuya ƙarƙashin benci."

Na tsaya a bakin ƙofa na ƙirga kawuna da yatsa, sha uku, ban da Obadiya, wanda takalmansa ke cikin gida. Na sunkuya na sake bin takalma. A ƙarshen layi, wajen bango, ga wasu na fata ruwan ƙasa, an ajiye su a jere, bakinsu na kallon cikin zaure. Na hagu da ɗinkin jan zare.

Ku sani fa, rana ce tarwai. Ana tallan gyaɗa a waje, akuyar maƙwabta na cin bawon rogo, wani yana hura tayar keke a ƙofar gidan gaba. Ba abin da ya canza, sai bayan wuyana da ya yi sanyi kamar an ɗora mini tulu. Na koma ciki na zubar da kunun a kwata, ban ce wa kowa uffan ba. Da aka tashi na fito, kowa ya sa nasa ya tafi, bakin ƙofa wayam.

Lahadi ta gaba na ɗauko kujerata na zauna daura da ƙofa, na ce yau sai na ga ɗan iskan da ke mini wannan wasa. Na ga shigar kowa, na ga kowa ya tuɓe nasa. Akuyar nan ta zo za ta sa baki a farantina, na juya na kore ta. Ina waiwayowa suna nan a wurinsu na wancan mako.

Sai na lura da benci. Na biyu daga bango, inda Onyekwere ya saba zama, yaran sun matsu har kafaɗa na gugar kafaɗa, amma sun bar fili a tsakiya daidai zaman mutum ɗaya. Ba wanda ya ce a bari. Wani sabon yaro ya shigo a makare, ya nufi filin, ya kai har zai zauna, sai ya tsaya, ya ce "Gafara," ya koma ya zauna a ƙasa. Daga baya na tambaye shi wa ya ce wa gafara, ya dube ni ya ce shi bai tuna ya yi magana ba.

A Lahadi ta uku ne abin ya fito fili. Ana cikin waƙa, an kai baiti na uku, sai na ji ta daga tsakar gida, muryar nan mai kauri, kwance a ƙarƙashin sauran. A cikin yaran da suka rage babu mai irinta. Su ma suka ji. Ɗaya ya yi shiru, wani ya bi, har Obadiya ya rage shi kaɗai da 'yar muryarsa ta tsohon zakara, shi ma ya tsaya. Ita kuwa ta ci gaba ita kaɗai, ta kai rabin layi, ta ja numfashi kamar mai jiran a kama masa, sa'an nan ta ɗauke. Ranar ba wanda ya sha kunu. Mako na gaba mutum tara suka zo, na bayansa biyar.

Ranar Litinin na tare Obadiya a tsakar gida. "Kai, bawa. Jawo akwatin yaron nan."

"Suzana, mu mutanen haske ne. Ba ma..."

"Na ji. Jawo shi a cikin hasken."

Ya jawo shi har tsakar gida ya buɗe. Takalman suna nan a saman tufafi inda muka sa su. Ya ɗauki na hagu ya juya shi. A ƙasansa akwai jar ƙasa, ɗanya, ta manne a dunduniya. A unguwarmu babu jar ƙasa irin wannan, ni da shi duka mun san inda take. Ya shafa ɗinkin da babban yatsa ya daɗe, sa'an nan ya ce, "Ɗinkina ne." Ya durƙusa a nan ya yi addu'a har gwiwarsa ta sage, ya nemo kwaɗo ya kulle akwatin, ya rataya mabuɗin a wuyansa. Ranar Lahadi takalman suka zo abinsu.

A bakin layinmu akwai Adaku mai sayar da manja da busasshen kifi, 'yar ƙasar su Onyekwere ce, a majami'a kuma bencin gaba take zama. Ta tafi gida tun kafin Ista, sai a lokacin ta dawo. Na je sayen manja, ta riƙe kwalbar ba ta zuba ba.

"Mama Suzana, na ji yaronmu ya mutu a gidanku. Wa ya kai shi gida?"

"Ai mun binne shi. Malam ya ba shi wurinsa, kusa da matarsa."

Ta ajiye kwalbar. "A nan? Ran nan da ya mutu?"

"Da zafin nan, so kike mu shanya shi?"

"To wa ya je ya gaya wa uwarsa?"

"An rubuta mata wasiƙa."

Ta ɗora hannu biyu a ka. "Wasiƙa! Mama, takarda ce za ta gaya wa mace ɗanta ya mutu? A garinmu mutum ake tashi ya je. Ya zauna, a ba shi ruwa, a tara dangi, sa'an nan ya buɗe baki. Wanda ya gani da idonsa. In gawa ba ta zo ba, kayansa su zo a hannun mutum. Matar nan ba ta amsa muku ba don a wurinta ba a gaya mata kome ba tukuna. Tana nan tana jira. Shi ma jira yake." Ta zuba mini manjan har ya zube. "Kun yi masa kirki, amma irin naku kuka yi masa."

Na kai wa Obadiya maganar yadda take, ban rage gishiri ba. Ya tashi ya shiga ɗaki.

Labari ya riga ya kai ga Rabaran Istifanus, shugaban ikilisiyarmu. Kada ku ɗauka mugu ne. Mutum ne mai ilimi, ya ƙare ƙuruciyarsa yana raba mutane da bori da layu, ya ga yadda tsoro ke cin gida. Ranar Laraba ya jingine kekensa a ƙofar zaure.

"Malam Obadiya, ɗalibai suna ta maganar fatalwa a kwaleji. Masu yi mana dariya sun sami abin yi. Ga shawarar dattawa: a mai da taron ɗakin makarantar Lahadi a majami'a. Kai ne dai shugaba, ba abin da zai canza. Kowa ya shiga da takalminsa. Akwatin kuma a aika da shi ta jirgi, a rufe maganar."

"Ranka ya daɗe, ni zan kai shi da kaina."

Rabaran ya cire tabarau. "In don ta'aziyya ce, da sai in sa maka albarka. Amma duk garin nan an san dalilin da zai sa ka tafi. Ranar da ka hau jirgi da akwatin nan, ka yi wa yaran nan wa'azi cewa matattu suna yawo, kuma sai an lallashe su. Shekara talatin muna koyar da cewa suna hannun Ubangiji. Ba zan bar mai bishara ya rushe wannan ba. In ka tafi, za ka dawo ka tarar an ba wani aikin."

Na leƙo daga bayan asabari. "Rabaran, ka zo ranar Lahadi ka ƙirga da kanka mana."

"Inna, ni ba na ƙirga takalma."

"Ai na ga alama. Shi ya sa kake ƙiba."

Obadiya ya daka mini tsawa, abin da bai taɓa yi ba. Sa'an nan ya ce, a hankali, "Ranka ya daɗe, ni ban san inda yake ba. Na gaskata yana wurin Almasihu, kuma na ji muryarsa a zauren nan. Ban iya haɗa biyun ba, karatuna bai kai nan ba. Abin da na sani, baƙona ne. Ni na ce ya zo. A gidan ubana ba a barin baƙo ya tafi ba rakiya, ni kuwa ban raka shi ba. In na koma majami'a na bar shi tsaye a ƙofar nan, da wane baki zan kira sunan sauran?"

"Ka yi tunani zuwa Lahadi," in ji Rabaran, ya hau kekensa.

Kwana uku Obadiya bai taɓa basilla ba. Sai in gan shi zaune a zaure shi kaɗai da rana tsaka, yana shafa bencunan nan kamar mai sallama da doki. Ranar Asabar ya zo ƙofar madafa ya tsaya.

"Suzana, in aka karɓe yaran nan, me ya rage mini?"

"Kunnuwa," na ce. Amma ban iya ɗaga kai na dube shi ba.

Ranar Talata muka hau jirgi, ni da shi da Adaku, wadda ta rufe rumfarta ta ce ita ce bakinmu. Ni dai na bi ne don bawa ba ya tafiya ba uwargijiyarsa. Taragon ya cika maƙil, mutane a kan ƙunshi, kaji a kwando, wasu a tsaye tun daga Kaduna. Mun sami benci, Obadiya a jikin taga, akwatin a ƙarƙashinsa, ni da Adaku muna fuskantarsa. Kusa da shi akwai wurin mutum ɗaya. Kwana biyu muna tafiya ba wanda ya zauna a wurin. Wata mai ciki ta tsaya a kanmu tun daga Kafanchan, na ce mata, "Ke, ga wuri, zauna kada ki haihu a kaina." Ta dubi wurin, ta dube ni kamar na zage ta, ta matsa gaba.

A tashar Makurɗi da hantsi wata mai lemo ta zo jikin taga. Adaku ta ce ta ba kowa ɗaya. Matar ta fere ta miƙo, ɗaya, biyu, uku, ta fere na huɗu ta miƙa hannu ta wuce fuskar Obadiya, tana murmushi, tana jira a karɓa. "Ɗan naku kunya gare shi," in ji ta. Obadiya ya karɓa ya ajiye a kan bencin. Jirgi ya tashi, ya hau gada yana girgiza, ƙunshin kayan mutane na faɗuwa, lemon nan bai ko motsa ba.

Daga Umuahia muka shiga motar katako, daga nan muka taka da ƙafa cikin itatuwan kwakwar manja, ƙasar da ba ka ganin sama sai ka ɗaga kai. Obadiya ne ya ɗauki akwatin a ka, ya hana kowa taɓawa. Adaku ta riga mu shiga, aka ba mu kujeru, aka kawo ruwa da goro, dangi suka taru suka zauna. Can uwar ta fito, 'yar ƙaramar mace, ban san ta inda ta haifo wannan dogon ba. Ba ta dubi Obadiya ba, ba ta dubi akwati ba. Bayan kafaɗarsa ta kalla, sama kaɗan, ta fara magana da sauri da yarensu tana nuni da yatsa.

"Me take cewa?" na raɗa wa Adaku.

"Faɗa take yi wa ɗanta. Wai ya daɗe a hanya."

Da ta gama sai ta zauna ta naɗe hannu, ta dubi Obadiya. Ya miƙe tsaye ya faɗa da Hausa, Adaku na juyawa: ranar da ciwon ya fara, abin da yaron ya ce, sa'ar da ya cika. Ta tambayi wa ya rufe masa ido. Ya ce shi. Wa ya wanke shi. Ya ce shi. Wa ke kwance kusa da shi. Ya ce tasa matar ce, Rut, kuma wurin nasa ne ya bayar. Ya ce, "Na yi kuskure, Mama. Na binne ɗanki ban tambaye ki ba." Sai a lokacin ta kurma ihu, matan gidan suka kama, wata uku bayan mutuwar, kamar yanzu ya faɗi. Kwana huɗu muka yi. Suka yi masa sujada a majami'arsu, irin tamu ce sak, har muryoyin waƙoƙin, sai dai yare. Na kasa kunne iyakar iyawata, muryoyin masu rai kaɗai na ji. A hanyar dawowa wani ƙaton ɗan kasuwa ya faɗo kusa da Obadiya ya matse shi da taga har Kaduna, yana minshari. Ban taɓa jin daɗin minsharin namiji ba sai ran nan.

Rabaran bai yi ƙarya ba. Mun tarar an naɗa wani matashi, Malam Sabo, mai takardar makarantar tauhidi da Turanci mai santsi. Washegari aka turo amalanke. Obadiya da kansa ya kama aka fitar da bencunan, ya ƙirga littattafan waƙa ashirin cif ya ɗaure su da igiya, har ya nuna wa mai amalanke bencin da ƙafarsa ke rawa. Ni ce na tsaya a ƙofa ina zazzaga wa dattawan ikilisiya abin da ba zai rubutu a nan ba. Ba a sake ba shi wani aiki a majami'a ba. Ranar Lahadi yakan zauna a bencin baya, in ɗalibai suka zo gaishe shi sai ya tura su wurin Malam Sabo, ya ce kada su raba taro.

Bayan wata biyu Malam Sabo ya zo gidan, hula a hannu, ya durƙusa a tsakar gida.

"Baba, na shirya darussa har na shekara guda. Suna zuwa, suna rubutawa, suna tafiya. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya gaya mini kome. Me zan koya musu?"

"Ka zo da takarda?"

"Na zo da ita."

"To rubuta. Wannan ɗan Kagoron, sunan uwarsa Atika, gidansu na bayan kasuwa, ana sauka a Kafanchan." Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yaro talatin da bakwai, da sunan uwa, da gari, da tashar da ake sauka, da wanda ake fara gaya wa magana a gidan, da yadda suke yi in an yi mutuwa. Ashe tun dawowarmu abin da yake bi yana tambaya ke nan. Malam Sabo ya rubuta har hannunsa ya gaji, ya ɗago kai.

"Baba, wannan duka kafin in fara koyarwa?"

"Kafin ka ce wa ɗan wani ya zo," in ji Obadiya. "In sabo ya shigo, kada ya zauna sai ka san hanyar gidansu."

Yaron ya naɗe takardarsa ya sa a aljihun ƙirji. Na ce ya tsaya ya ci tuwo, don na ga wuyansa kamar na marakin da aka yaye da wuri, kuma wanda zai ɗauki iyaye mata talatin da bakwai a aljihu yana bukatar abin da zai riƙe shi.